Ashe Ba Kishiya Ba Ce

Yau wani ɗan labari na kaina zan ba ku, wanda in na tuna shi wani lokaci dariya ta kama ni, wani lokaci kuma kunya ta rufe ni. Da na so in bar shi a cikina, to amma na san ba ni kaɗai ce mai irin wannan hali ba, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ni dai haifaffiyar Daura ce, a nan aka yi mani aure, a nan nake zaune da maigidana da 'ya'yanmu huɗu. Aikinsa kula da kwamfutoci ne a wata cibiya mai zaman kanta a cikin gari, inda ake koya wa yara da matan aure kwamfuta, ana buga takardu da katin biki, 'yan makaranta kuma suna zuwa gwajin jarabawar JAMB, tun da kun san daga 2015 an daina rubuta ta a takarda, sai a kwamfuta. Mutanen unguwa Injiniya suke ce masa. Ni kuwa in faɗa maku gaskiya, shekara goma sha biyar muna tare ban taɓa tambayarsa ainihin abin da yake yi ba. Abin da na sani ya fita da safe da 'yar jakarsa, ya dawo bayan la'asar, ƙarshen wata ya kawo kuɗin cefane. A raina cewa nake, mutumin da ke zaune kan kujera ƙarƙashin fanka yana 'yan danne-danne, wace gajiya gare shi?

To a daminar 2025, bayan jana'izar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari da aka yi nan Daura ran 15 ga Yuli, baƙi sun watse gari ya fara komawa yadda yake, sai na ga maigida ya sake. Mutumin da la'asar ke yi masa a gida ya koma sai ƙarfe goma sha ɗaya na dare, wata rana ma har ɗaya. In na ajiye masa tuwo sai ya yi loma uku ya ture. Yara su zo da surutunsu ya daka masu tsawa, abin da ba halinsa ba. Ga waya kullum a kunne, in ta yi ƙara sai ya tashi ya fita zaure.

Wata rana da daddare na fito ɗauko buta, sai na ji muryarsa daga zauren yana cewa, "Wallahi sabuwar nan ta hana ni barci. Ita tsohuwar na san halinta ciki da bai, shekara goma muna tare ba ta taɓa ba ni kunya ba. To amma ya zan yi? An ce kafin tsakiyar Oktoba dole a rabu da ita."

'Yan uwa, butar nan ban san lokacin da ta faɗi daga hannuna ba. Na koma ɗaki jikina na rawa. Na ce, wato ni ce tsohuwa, har ma ya manta shekarun aurenmu ya zabge biyar daga ciki! Daren nan ban runtsa ba, sai lissafa 'yan matan da ke zuwa koyon kwamfuta nake ɗaya bayan ɗaya, ina tunanin wacce ce a cikinsu. Kwana huɗu na yi ina kumbure-kumbure, in ya yi sallama in amsa a ciki, in dire masa abinci in juya. Shi kuwa bawan Allah bai ma lura ba, wannan ya ƙara tunzura ni.

A rana ta biyar na saka mayafi na nufi gidan Gwaggona da ke can wajen Kusugu, da niyyar in ce mata ta shirya karɓata. Ta bari na gama kukana tsaf, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, kin tambaye shi?" Na ce, "Gwaggo me zan tambaya, bayan na ji da kunnena?" Ta ce, "To ramewa yake ko ƙiba?" Na ce ramewa. Ta ce, "Yana sayen turare? Yana yawan aski da guga?" Na ce, "Ina fa, gemun ma ya bar shi buzu-buzu." Sai ta yi tsaki ta ce, "Ni na ga maza masu shirin aure sun fi a ƙirga. Fara'a suke yi, har uwargida su riƙa yi wa tsarabar da ba ta roƙa ba. Wannan naki ba ango ba ne, ko bashi ne ko wata masifa ta wurin aiki. Tashi ki koma ɗakinki ki tambaye shi da ladabi. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya."

Da dare na jira har ya ci abin da zai ci, na durƙusa na ce, "Malam, in aure za ka ƙara, Allah ne Ya halatta maka, ka faɗa mani da bakinka. Amma maganar rabuwa da ni kafin Oktoba, me na yi maka?" Ya saki baki yana kallona. Da na maimaita masa abin da na ji, sai ya kece da dariya har da riƙe ciki, rabon da in ji dariyarsa an fi wata guda. Can kuma sai dariyar ta tsaya, ya yi shiru ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Gobe Asabar ba ɗalibai da safe. Ki shirya in kai ki ki ga amaryar."

Ranar ce na fara taka wurin aikin mijina. Ɗaki ne dogo, kwamfutoci arba'in a jere, wayoyi ko'ina kamar saƙar gizo-gizo, ga wata tabarma da filo a lungu inda yake ɗan kishingiɗawa. Ya zaunar da ni ya ce, "Kowace kwamfuta da kike gani akwai wata babbar manhaja a cikinta da ke riƙe da komai. Ita ke sanin inda aka ajiye kowace takarda, ita ke magana da firinta, ita ke buɗe wa sauran manhajoji ƙofa. Tamu sunanta Windows, kamfanin Microsoft na Amurka ke yin ta, kuma duk bayan wasu shekaru sai a fito da sabuwa a yi ritayar tsohuwa." Ya ce shi da Windows XP ya koyi aiki, aka daina kula da ita a Afrilun 2014. Ya saba da Windows 7, ita ma aka sallame ta a Janairun 2020. Wadda yake kira tsohuwa ita ce Windows 10 da ta fito a Yulin 2015, sabuwar kuma Windows 11 ce, ta fito a Oktoban 2021. Kamfanin ya sanar tun da wuri cewa daga 14 ga Oktoba 2025 ya daina aiko wa Windows 10 gyaran da yake aikowa kyauta.

Na ce, "To ran nan kwamfutocin mutuwa za su yi?" Ya ce, "A'a, za su ci gaba da aiki. Amma ki ɗauka katangar gidanmu ce, akwai mai yaɓe da ke zuwa duk wata yana toshe inda ta tsage. Daga ranar ba zai sake zuwa ba, ɓarayin intanet kuwa kullum tsaga suke nema." Ya ba ni labarin abin da ya faru a Mayun 2017, lokacin da wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har wasu asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya, kuma waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sa gyaran da aka aiko ba. Ya ce, "Nan wurin mutane na kawo hotunansu da lambar katin ɗan ƙasa da takardun makaranta. Amana ce a wuyana." Na ce lallai, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sai na ce, "To ka sa masu sabuwar mana a huta." Ya yi murmushin takaici ya ce ai nan gizo ke saƙar. Ita sabuwar ba kowace kwamfuta take yarda ta shiga ba. Sai mai wani ɗan makullin tsaro a ciki da ake kira TPM 2.0, kuma ƙwaƙwalwarta ta zama ta baya-bayan nan, galibi waɗanda aka ƙera daga wajen 2018 zuwa sama. Da ya gwada arba'in ɗin nan, goma sha ɗaya ne kawai suka tsallake. Sauran ashirin da tara 'yan gwanjo ne da mai wurin ya kwaso da araha daga Kano shekara uku da suka wuce, alhali maigidana ya roƙe shi ya sayi kaɗan masu kyau, ya ƙi. Araha dai ba ta ado. Akwai hanyar biyan kuɗi a ci gaba da samun gyaran tsohuwar, amma ga ma'aikatu dala 61 ce kowace kwamfuta a shekarar farko, shekara ta biyu ta ninka. Da suka buga lissafin ashirin da tara, ya haura naira miliyan biyu da rabi a canjin lokacin.

Mai wurin kuwa da ya ji haka sai ya ce, "Kwamfuta tana kunnuwa tana aiki, ka ce in zubar? Kai dai kana neman hanyar cin kuɗi ne." Ni ban ga laifinsa duka ba, don shi ma ga haya ga kuɗin man janareta. Abin da ya fi ƙona wa maigidana rai, wani yaro ya zo ya ce wa mai wurin shi zai cusa sabuwar a cikin dukansu da dabara a kan kuɗi kaɗan. Dabarar akwai ta, maigidana ma ya iya. Sai dai masu manhajar sun faɗa a fili cewa kwamfutar da aka yi wa haka ba su ɗauki alkawarin ci gaba da aiko mata gyara ba. In ta tsaya ana tsakiyar gwajin JAMB, yaron ya daɗe da cin kuɗinsa, wa za a kama? Mai wurin ya rufe maganar da cewa, "In ba za ka iya ba, akwai masu iyawa." Wannan kalma ita ce ta hana mijina cin tuwo. Aikin da muke ci muke sha da shi ne ke lilo, ni kuma ina gida ina kishi da iska.

Ko goma sha ɗayan da suka karɓi sabuwar ma ba su bar shi ya huta ba. Sauko da ita daga intanet kaɗai ya haura gigabayit 5, ga sauran gyare-gyare da ke biyo baya, kuma wajen ɗora ta sai ta nemi a haɗa ta da intanet. Da rana layin ba ya ja, shi ya sa yake bari sai dare ya raba. Wata rana ana saura ƙiris a ɗauke wuta, kafin a tada janareta aiki ya koma farko. Babbar firintarsu tsohuwa ce, masu ita sun daina yi mata ɗan tafintan da ke haɗa ta da kwamfuta, sai da ya kwana uku yana nema kafin ta yarda ta buga ko layi ɗaya.

Sai kuma abin katin biki. Akwai wani tsohon salon haruffa da ya sa a kwamfutocin tun da daɗewa, wanda ke fito da ƙ da ɗ da ɓ. Garin gaggawa ya manta bai kwafe shi ba kafin ya goge tsohuwar. Yaron da ke buga kati ya buɗe aikin wasu mutane da dare bai duba ba, ya buga guda ɗari biyu. Da safe dangin amarya suka zo karɓa, suka ga maimakon "ɗaurin aure" an rubuta "]aurin aure", duk inda harafi mai lanƙwasa yake ya koma wata alama. Ana shirin Sallar Gani, gari cike da hidima, suka yi ta faɗa a bakin ƙofa. Kuɗin takardar a albashinsa aka cire.

Ya kunna mani ɗaya daga cikin sababbin ya ce in duba. Ni dai na ga abu fes, launi mai kyau. Ya nuna mani wani ɗan maɓalli a ƙasan allo ya ce, "Wannan shi ne ƙofar shiga komai. Tun Windows 95 a kusurwar hagu yake. A 2012 an taɓa cire shi, mutane suka yi ca, aka dawo da shi a 2013. Yanzu kuma an kawo shi tsakiya." Na ce, "Yo wannan ma abin damuwa ne?" Ya ce akwai wani dattijo mai buga masu takardu, tun zamanin tafireta yake aiki, hannunsa da kansa yake tafiya hagu, in ya danna sai ya ga bayanin yanayin gari ya fito, sai ya ƙwala kira, "Injiniya, ta lalace!" Haka matan da ke koyo, abin da suka haddace jiya yau ya ɓuya a bayan wani dannin. Kowa Injiniya, kowa Injiniya, shi kuma Injiniyan lalube yake. Ya ce ranar da ta fi masa ciwo, yana ta neman inda ake mayar da maɓallin nan hagu, ɗalibai sun kewaye shi, sai wata yarinya 'yar shekara goma sha bakwai ta ce, "Malam, ga shi nan, na gani a waya." Ya yi mata godiya, amma ya ce ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shekara kusan ashirin yana wannan aiki.

Yana faɗin haka sai na tuna wani abu. Lokacin da na je wankan jegon ɗanmu na uku a gidanmu, ƙanwarsa ta zo ta riƙe masa gida. Yarinya mai kirki, ta share mani kicin ta gyara shi tsaf, ta sake wa komai wuri. Wallahi ya fi yadda na bar shi kyau. Amma da na dawo, sai in miƙa hannu inda gishiri yake in ɗauko kanwa, in nemi muciya ruwa na tafasa ban gan ta ba, daddawa ta koma saman kanta. Ni da ke tuƙa tuwo ko a duhu, na koma baƙuwa a ɗakin girkina. Sati biyu ina ƙona miya. Kuma abin da ya fi ba ni haushi, shekara da shekaru abinci na fitowa daidai ba wanda ya taɓa cewa sannu, ranar da ya ƙone kowa ya sami bakin magana.

Na dubi mijina na ce, "Malam, ashe kai ma uwargida ce a nan." Ya yi dariya ya ce, "Kin gane ke nan." Aikinsa da nawa iri ɗaya ne. Shara ce da wanke-wanke da toshe ɓaraka, ranar da komai ya tafi daidai ba wanda ya san yana wurin, har a riƙa tambayar me ake biyansa yana yi. Ni da kullum nake ƙorafin ba a ganin wahalata, ga shi shekara goma sha biyar ban ga tasa ba.

Daga ranar na daina jiran ya dawo, sai in aika babban ɗanmu da abinci a kula bayan magariba. Muka zauna ni da shi ya rubuta wa mai wurin shawara a takarda, dalla-dalla da lissafi, don na ce masa magana a tsaye cikin fushi ba ta shiga kunne. Goma sha ɗayan nan su ne za a riƙa shiga intanet da su, a kuma ajiye takardun mutane a cikinsu. Ashirin da taran a cire masu wayar intanet gaba ɗaya, a bar su don koyon bugu da gwajin jarabawa, sannan duk zango a sayi biyu ko uku masu kyau a maye gurbi. Mai wurin ya yi kwana shida bai ce komai ba, sannan ya ce a yi hakan. Ni kuma na yanka kwali na rubuta da Hausa inda kowane abu ya koma, aka manna a gefen kowace kwamfuta, kiran Injiniya ya ragu. Ran 14 ga Oktoba la'asar a gida ta yi masa, ya cinye malmala biyu ya nemi ƙari.

Ba zan ce maku komai ya warware ba. Ba a ƙara masa ko kwabo ba, kuɗin katin nan ba a mayar masa ba, godiya ma bai samu ba. Tsofaffin kwamfutocin har yanzu shida kawai aka canza. Kuma ya gaya mani ita ma sabuwar akwai ranar da za ta tsufa a sake wani sabon lale. In kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya, ko ƙafa na ciwo.

Don haka 'yar uwa, in kin ga maigida ya sake fuska, kafin ki fara ƙirga 'yan matan unguwa ki tambaye shi lafiyar wurin aikinsa. Ki san sunan abin da yake yi da abin da ke ba shi wahala a ciki, ko direba ne ko tela ko malamin makaranta. Ku kuma 'yan mata da iyaye masu shirin sayen kwamfutar hannu ta gwanjo, musamman yanzu da muke da Kwalejin Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri a nan Daura, kada kyan jiki da araha su ruɗe ku. Ku tafi da wanda ya sani ya duba ko tana karɓar Windows 11 ta hanyar da ta dace, ba wadda aka cusa mata da dabara ba. Kuma duk ranar da za a taɓa maku kwamfuta ko waya da sunan gyara, ku fara kwafe hotunanku da takardunku a wani wuri, don abin da aka goge ba kullum yake dawowa ba.

Yanzu in ya shigo da yamma na karɓi jakarsa sai in ce, "Malam, ya amarya?" Ya ce, "Tana nan, mun fara sabawa, amma har gobe na fi son tsohuwar." In ce, "Wace tsohuwar?" Ya ce, "Duka biyun."

Allah Ya ba mazajenmu haƙuri da abin da suke tararwa a waje, Ya ba mu ikon gane shi, Ya raba mu da mugun zato. Kuskuren da ke ciki nawa ne, ku yafe mani.